Ranar da Muryata Ta Kira Wayar Baba

Jama'a, ku gyara zama. Kun cika min akwatin saƙo da "Injiniya, kin yi shiru, ko an sa rana ne kike ɓoye mana?" Ba a sa ba. Kwana tara ke nan ina buɗe shafin nan ina rufewa, don abin da zan faɗa muku yau ba laifin Gwaggo ba ne kamar yadda kuka saba ji. Wannan karon da hannuna a ciki dumu-dumu.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da tara, aikina rubuta manhajar kwamfuta, shi ya sa daga Baba har Auta ba mai kirana da sunan yanka, Injiniya kawai. Ina da manemi, Mai Gilashi. Mun haɗu ne ranar da na raka Baba a auna masa ido. Ya duba, ya ce sai haƙuri, idon ya yi nisa, sannan ya juyo ya ce ni ma in zauna tunda gaban kwamfuta nake wuni. Idona lafiyarsa ƙalau, amma sau huɗu na koma ana dubawa.

A gidanmu doka ɗaya ce ba a taɓa ta. Baba AS ne, Umma AS ce, sun yi aure lokacin da ba wanda ya san ana gwada jini. Mu huɗu suka haifa, biyu suka zo da sikila. Yayanmu namiji ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya. Auta kuma tana nan, shekararta goma sha tara, ga surutu ga tsokana, amma in ciwon ya motsa sai ta cusa bakin filo a bakinta don kada Umma ta ji. Ni AS ce. Ke nan duk wanda zai aure ni dole ya zama AA, in ba haka ba kowane ciki zan ɗauka da fargaba. Baba ba ya tambayar mutum ɗan gidan waye ne, ko wace mota yake hawa. Cewa yake, "Ya kawo min sakamakon jininsa, sauran mu bar wa Allah."

Mutum biyu wannan doka ta kora, ban zubar musu da ko ɗigon hawaye ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta yi min kukan. Duk zuwan da za ta yi, kafin ta ajiye jaka ta fara:

"Injiniya, har yanzu injin bai haɗo miki miji ba? Sa'anninki suna raka 'ya'ya makaranta, ke kina raka kwamfuta."

Na kan ce, "Gwaggo, ana kan aiki."

"Aikin me? Danne-danne?"

To bari in gaya muku danne-dannen, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da ya same ni ba.

Kamfaninmu ƙarami ne, mu shida a hawa na biyu, sama da wani shagon labule. Babban aikin da ke hannuna shi ne manhajar wani ɗakin gwajin jini. Ma'aikacin gwaji ya shigar da sakamako, shugabar ɗakin ta sake dubawa ta tabbatar, daga nan komai ya koma hannun babbar kwamfutarmu, wadda ake kira saba. Tana wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, da na'urar sanyinta ita kaɗai. Dogo, abokin aikina mai kula da ita, Hajiya yake ce mata, wai ba ta son zafi, ba ta son a hanzarta ta, kuma in ta yi fushi kowa sai ya ji a jikinsa.

Wallahi har gobe in na tsaya a ƙofar ɗakin nan ina jin ƙugin Hajiya, tsigar jikina tashi take. Sakamakon mutum a cikinta layi ɗaya ne tak, 'yan haruffa da lambobi. Amma daga wannan layin take fitar da abu huɗu. Ta zana takarda ta PDF da tambari da sa hannu, wadda ake bugawa a miƙa wa mai ita. Ta shirya jadawali mai layi-layi wanda shugabar ɗaki ke buɗewa ta ga aikin mako gaba ɗaya. Ta gutsuro gajeren saƙo ta tura waya. Duk kafin ka kai kofin shayi bakinka. Ni na rubuta mata yadda za ta yi, harafi bayan harafi, amma duk ranar da na ga ta yi sai in ce ikon Allah, kamar ba ni ba.

Na huɗun shi ne abin alfaharina. Shugabar ɗakin gwajin ce ta zo wata rana ta ce, "Rabin masu zuwa wurinmu ba sa karatu. Sai su kai takardar wa maƙwabci ya karanta musu, kafin yamma unguwa ta ji ciwonsu. Ba yadda za a yi wayar ta yi musu magana?"

Oga, mai kamfaninmu, ya dube ni, na dubi Dogo, Dogo ya dubi silin.

Haka na shiga ɗakin ajiyar takardu da makirfo, muka toshe ƙasan ƙofa da tsohon labule, na wuni ina ɗaukar muryata. Sifili zuwa tara. Sunayen gwaje-gwaje. Haruffa ɗaya bayan ɗaya. Harafin S kaɗai sau goma sha ɗaya na maimaita, don yana yi min fito a makirfo, ga Oga a waje yana cewa, "Ki yi murmushi in kina faɗa, mara lafiya ne zai ji." Hajiya ce ke ɗinke guntayen nan su zama magana, ta kira lambar mutum ta gaya masa. In bai ɗauka ba ta sake bayan awa uku, in ya ƙi, washegari da yamma ta yi na ƙarshe. Ranar da muka gwada, wata tsohuwa ta amsa sallamata, ta saurara, har ta sa min albarka. Na koma bayan ƙofa na sha kukana, don ina zaune a ofis, muryata kuma tana can gidajen mutanen da ban taɓa gani ba.

Yanzu ga inda na ɗebo ruwan dafa kaina.

Wata uku da suka wuce Hajiya ta fara nishi. Cikin huɗun nan takarda ce mai nauyi, kuma masu karɓar baƙi a ɗakin gwajin kan danna "buga" sau biyar in firinta ta yi gardama, kowane dannawa sai Hajiya ta zana takardar daga farko. Da safe layi ya taru, komai ya tsaya cak, Oga yana ta amsa waya yana ba da haƙuri. Sai dabara ta faɗo min. Na ce da zarar an shigar da sakamako, Hajiya ta zana takardar sau ɗaya ta ajiye, duk wanda ya nema ta miƙa masa ajiyayyar. Cikin awa biyu na gama, manhaja ta koma gudu kamar an sake ta daga mari.

Dogo ya leƙo ta saman kafaɗata yana tauna biro.

"In shugaba ta zo tabbatarwa ta canza sakamakon fa?"

"Sai a goge tsohuwar takardar a zana sabuwa. Layi biyu ne, gobe zan ƙara."

"Rubuta, Injiniya."

Na rubuta a 'yar takarda ruwan ɗorawa, na manna a gefen allon kwamfutata: *goge tsohuwa in an gyara.* Ban ajiye biron ba wayata ta yi ƙara. Mai Gilashi ne.

*Na gaya wa mahaifiyata zancenki. Ta ce in tambaye ki ko kina shan shayi da madara, don ta san abin da za ta tanada.*

Ku da kuka taɓa so, ku yi min adalci. Wa zai tuna da wata takarda ruwan ɗorawa? Sati ɗaya tana manne, gam ɗinta ya bushe, ta faɗa bayan tebur, ni kuma na ci gaba da yawo a kan iska.

Da maganarmu ta yi ƙarfi na gaya masa dokar Baba. Bai ko ɗaga gira ba. Ya ce bai taɓa gwadawa ba, amma zai je, kuma ɗakin gwajin da ke amfani da manhajata zai je, wai ya fi yarda da aikin hannuna. Na ce masa kada ya sa ran zan leƙa, don mun yi rantsuwa a wurin aiki ba ma buɗe sakamakon kowa. Ya ce shi ya sa yake sona.

Ranar Laraba aka ɗebi jininsa. Laraba da Alhamis ban san me na ci ba. Juma'a da rana ina tsakar aiki hoto ya shigo. Takardata ce, tsarina, layukan da na yi kwana uku ina daidaitawa, tambari a sama, sa hannu a ƙasa. A tsakiya, haruffa biyu manya: AA.

*Injiniya, ki gaya wa Baba gobe bayan la'asar zan zo da ita a hannu.*

Ihun da na yi sai da Dogo ya fito a guje daga ɗakin Hajiya, ya ɗauka wuta ce ta kama.

Asabar tun safe gidanmu ya rikice. Umma ta sa aka fitar da kujeru aka kakkaɓe, aka shimfiɗa sabon kafet ɗin da take ɓoyo a saman durowa, aka fito da kofunan gilashi masu bakin zinare waɗanda ba a taɓa su sai baƙo mai girma. Gwaggo ta iso tun kafin azahar, ba wanda ya kira ta, da mayafinta mai duwatsu da turare kamar ita ce amaryar. Ni kuwa kaya uku na canza. Na ƙare a doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan hoda wanda Auta ta ara min bisa sharaɗin ita za ta riƙe min jaka ranar biki. Ita tana kwance a gadona da robar ruwan zafi a gwiwa, don tun daren jiya ƙafar ke yi mata tsiya, amma bakin bai mutu ba.

"Yaya, rage murmushin nan, zai ɗauka ba ki taɓa ganin namiji ba."

Ya zo cikin farar riga mai dogon hannu, gilashinsa mai siririn ƙarfe, da ambulan ruwan ƙasa a hannu. Ya zauna a ƙasa gaban Baba duk da an nuna masa kujera. Na kawo shayi da biskit na koma kusa da Umma, ina kallon yatsun ƙafata. Auta ta lallaɓo da robarta ta zauna a hannun kujerar Baba, don ita ce idonsa.

Ta zare takardar, ta yi gyaran murya kamar mai karanta labarai, ta karanta lamba, ta karanta kwanan wata, ta ja numfashi don ta ja mana rai.

"A, A."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har kofuna suka amsa. Umma ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Baba ya karɓi takardar, ya shafa ta da tafin hannu daga sama har ƙasa, duk da ba abin da yake gani a kanta sai fari. Ya ce alhamdulillahi sau uku. Rabon da in ji muryarsa ta yi laushi haka tun ina ƙarama.

"Yaro, ka turo manyanka. Na ba…"

Wayarsa ta fara ƙara a aljihu.

Baba ba ya ɗaukar waya in ba kowa kusa, tunda ba ya ganin mai kira. Auta ta zaro ta duba. "Baba, lambar nan ce da ta kira ka sau biyu jiya."

"Ɗauka ki sa kowa ya ji, wataƙila mai taya murna ne ya yi sammako."

Ta danna. Sai ga sallama, a hankali, da murmushi a cikinta.

"Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne daga ɗakin gwaji."

Auta ta zaro ido. "Lah! Yaya ce!"

Umma ta dubi wayar, ta dube ni, ta sake duban wayar. Sun san ina yin wani abu da murya a wurin aiki, amma ba su taɓa ji ba. Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Ga ta zaune baki rufe, ga ta tana magana a wayar babanta!" Baba kuwa dariya ya yi, irin ta jin daɗi, ya karkato kunne. Na rantse muku, ban taɓa jin girman aikina kamar a daƙiƙa biyar ɗin nan ba.

"Mai lamba huɗu, bakwai, ɗaya, biyu. Sakamakon gwajin sikila ya fito. A. S. Don sake saurare, danna ɗaya."

Ba wanda ya motsa. Auta ce ta danna ɗaya. Muryata ta sake sallama, ta sake faɗa, da murmushin nan dai da Oga ya sa ni yi. A. S.

Auta ta duba takardar. "Huɗu, bakwai, ɗaya, biyu. Baba, lambar ɗaya ce."

Gwaggo ce ta fara farfaɗowa, kuma kun san ta, ba ta farfaɗowa da alheri.

"Tabɗijam! Takardar bogi ka kawo mana? A gidan nan? Gidan da aka binne yaro?"

Mai Gilashi ya ɗago. Fuskarsa ta yi fari fat, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Gwaggo, ni na rubuta lambar Baba a fom ɗin. An ce in zaɓi saƙo ko murya, na zaɓi murya, na sa tasa maimakon tawa. Na ga ba ya gani, na ce gara ya ji da kunnensa, ba sai wani ya karanta masa ba. Takardar kuma yadda aka miƙo min ita jiya haka na kawo ta."

Ban san ya yi haka ba. Bai gaya min ba. Mutum ya miƙa sirrin jininsa ga surukin da bai ba shi 'ya ba tukuna, tun kafin shi kansa ya san abin da ke ciki. Na dube shi a zaune a kan kafet ɗin Umma, na ji son da nake masa ya ninka.

Na miƙa hannu Auta ta ba ni takardar. Ban dubi manyan haruffan ba. Can ƙasa, gefen hagu, akwai wani siririn layi da ba mai karantawa sai ni da na sa shi: lokacin da Hajiya ta zana takardar. *Alhamis, 10:42.* Shugabar ɗaki kuwa ranar Juma'a da safe take tabbatar da gwajin sikila, kuma murya ba ta fita sai ta tabbatar. Ke nan ranar Alhamis ma'aikaci ya shigar da AA, Hajiya ta zana ta ajiye. Ranar Juma'a shugaba ta duba ta ga ba haka ba ne, ta gyara. Muryar ta ɗauko gyararren, takardar kuma aka miƙo ajiyayya. 'Yar takarda ruwan ɗorawa ta faɗo min a rai, har da yadda na karkata rubutun.

"Injiniya, zo ki taya ni ɗauko ruwan zafi," in ji Gwaggo, alhali ga fulas cike a kan tebur.

Muna shiga kicin ta tura ƙofa da ƙafa, ta kama hannuna. Duk faɗan ya zube daga fuskarta.

"Yaron nan ba maƙaryaci ba ne, na gani a idonsa. To saurara. Ke kika haɗa abin nan, duk abin da kika ce shi babanki zai ɗauka. Gani ya kori ji. Ga takarda da tambari da sa hannu. Ki ce injin ne ya yi tuntuɓe."

"Gwaggo…"

"Ba inji ba ne? Ba ya kuskure? Shekara ashirin da tara, 'yar nan. Kin taɓa kallon wani yadda kike kallon wannan? Ba kowane ciki ne ke zuwa da ciwon ba, ga ki, ga yayarki da 'ya'yanta uku garau. Allah ne mai tsarewa."

Tana faɗa tana hawaye. Shekara da shekaru ina ɗauka Gwaggo so take ta rabu da ni, ashe tsoro take ji min. Kuma kada in yi muku ƙarya, tunda na ce zan faɗi komai: na so. Na tsaya gaban famfo ina lissafa kalmomin. Guda huɗu ne kawai. *Baba, muryar ce kuskure.* Ba wanda zai bincika. Ranar Litinin in je in ƙara layi biyun nan shiru, ba mai ji ba mai gani.

Muka koma falo ba ruwan zafi. Baba yana nan inda muka bar shi, an mayar masa da takarda a hannun dama, waya a hagu. Auta ta sauko ƙasa ta jingina da ƙafarsa, ta matse robar a gwiwa, ta cije leɓe. Ciwon ya taso mata ke nan, tana ɓoyewa don kada ta ɓata min rana.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Ni ba na gani. Wannan aikinki ne, wannan ma aikinki ne. Wanne zan ɗauka?"

Gwaggo ta kafe ni da ido. Umma ta sunkuyar da kai, bakinta yana motsi. Mai Gilashi bai dube ni ba ko kaɗan, kuma na gane da gangan ne, ba ya so fuskarsa ta roƙe ni.

Na durƙusa gaban Baba.

"Muryar, Baba. Ita ce gaskiya. Takardar tsohuwa ce, an gyara sakamakon bayan an zana ta. Ba laifinsa ba ne, ba na ɗakin gwaji ba ne. Akwai abin da ya kamata in ƙara wata uku da suka wuce, na manta. Ni ce."

Gwaggo ta zauna daɓas a kujera ta ce innalillahi. Baba ya lalubo kaina ya ɗora hannu. Bai ce na kyauta ba, bai ce na yi laifi ba, ya dai bar shi a nan, mai nauyi, mai ɗumi.

Sai Mai Gilashi ya yi gyaran murya.

"Baba, ka ba ni izini in tambaye ta abu ɗaya."

"Tambaye ta."

Na ɗauka zai ce ko akwai kuskure a muryar ma, ko a sake gwaji a wani wuri. Da ni ce shi, abin da zan kama ke nan. Ya juyo, karo na farko tun da wayar ta yi ƙara.

"Wata uku kika ce. Takardu nawa ne irin tawa suke hannun mutane?"

Jama'a, ban yi tunanin wannan ba. Wallahi ko sau ɗaya. Ina ta kaina, ina ta aurena. Mutumin da aka zare wa komai minti goma da suka wuce, shi ya tuna da wasu da bai sani ba, masu ambulan irin tasa, wataƙila ana can ana yi musu guɗa a wani falon.

Na ce, "Ban sani ba. Gyara ba ya yawa, amma sai na tambayi saba."

"Yau za ki iya?"

"Dogo yana da makulli."

"To kira shi. Yau Asabar, gobe wani zai iya ɗaura aure da irin takardar nan." Ya koma ga Baba. "In ka yarda in kai ta ofis, in dawo da ita."

Baba ya miƙa hannu, Mai Gilashi ya kama da hannu biyu.

"Kai ta, ɗana. Ka dawo min da ita kafin magariba. Daga nan kuma…" Ya kasa ƙarasawa. Ba wanda ya ƙarasa masa, don kowa ya san sauran.

Na ɗauko kwamfutata, na kira Dogo, na fito ko takalmi ban canza ba. Yana tsaye jikin motarsa a ƙofar gida. Wata bakwai ina shiga motar nan, kullum gaba nake zama, har kujerar ta san tsawon ƙafata. Na nufi wurina. Sai ya riga ni, ya kewaya, ya buɗe ƙofar baya, ya riƙe ta yana kallon ƙasa.

"Shiga, ƙanwata."

Na shiga, don akwai mutanen da ke jiran in gyara abin da na ɓata. Ya zauna a gaba, ya cire gilashinsa ya ajiye a kujerar da babu kowa. Ta madubi nake ganinsa. Sau uku yana kai makulli, hannunsa yana kuskure ramin.

Sunan da ya kira ni da shi kuwa ban amsa ba. Takardu biyar muka samu a ranar, duk an kira masu su, an gyara. Kwana tara ke nan, kullum da safe saƙonsa yana shigowa, *Ƙanwata, ya jikin Auta?* Ina karantawa, ina gaya masa jikin Auta, amma sunan har yanzu ban amsa shi ba.